An Ɗage Hukunci Kan Gurbinka: Me Za Ka Yi Kafin Watan Maris?

Assalamu alaikum. Wannan bidiyo na ƙannena ne da ke nan Legas, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, waɗanda suka nemi gurbin karatu a wata jami'ar Amurka tun farkon Nuwamba, sai suka buɗe shafinsu a tsakiyar Disamba suka tarar ba a ce e ba, ba a kuma ce a'a ba. An ce an ɗage hukunci sai zagaye na gaba. Zan riƙa cewa "ka" don maganar ta yi sauƙi, amma ƙanwata, har da ke nake. Iyaye ma ku matso kusa, akwai naku a ciki.

Yawancin manyan jami'o'in Amurka kashi biyu suke karɓar takardu. Akwai zagayen wuri, wanda galibi ake rufewa ranar 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito a tsakiyar Disamba. Akwai kuma zagayen gama-gari, wanda ake rufewa a farkon Janairu, amsa ta fito daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu. In an ɗage ka, an cire fayil ɗinka daga na farko an mayar da shi na biyu ke nan. Za a sake karanta shi, amma wannan karon a cikin taron da ya fi na baya yawa nesa ba kusa ba.

Me ya sa suke yin haka? Wani lokaci suna son ganin sakamakonka na zangon farko na ajin ƙarshe. Wani lokaci suna son su ga duka masu nema kafin su raba guraben da suka rage. Ga ɗalibin da ya fito daga ƙasar waje kuma yake neman tallafi, akwai batun kuɗi, zan dawo kansa.

Kuma nauyin wannan wasiƙa ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Jami'ar MIT kan ɗage mafi yawan waɗanda suka nema da wuri, saboda haka ɗagewarta ba ta gaya maka abu mai yawa. Stanford kuwa kaɗan take ɗagewa, yawanci tun a Disamba take yanke hukunci. Gaskiyar da ba na so in ɓoye maka ita ce, a jami'o'in da ake rububinsu, mafi yawan waɗanda aka ɗage ba sa samun gurbin a ƙarshe. Wasu suna samu, kowace shekara ana samun irinsu, kuma ina yi maka fatan ka shiga cikinsu. Amma wata uku da rabi ne a gabanka, kuma a cikinsu ne ake rufe kusan duk sauran ƙofofin da za ka iya bi.

Akwai abu ɗaya mai daɗi da wasiƙar ta zo maka da shi. Idan ka nemi gurbin ne ta tsarin nan mai alkawari, wanda kai da mahaifinka da malamin makaranta kuka sa hannu cewa in an ɗauke ka dole can za ka, to da zarar an ɗage ka alkawarin ya faɗi. Ko sun ɗauke ka a Maris, kana da ikon kwatanta su da wasu ka zaɓa. Wasu jami'o'in ma suna da zagaye na biyu na wannan tsari mai alkawari a cikin Janairu. Kada ka shige shi don huce haushi. Sai in ka tabbata jami'ar ta kwanta maka, kuma kun zauna da na gida kun yi lissafin kuɗinta.

Ita jami'ar da ta ɗage ka, abin da za ka yi mata kaɗan ne. Karanta wasiƙarsu har ƙasa, domin kowace jami'a tana faɗin abin da take so. MIT, alal misali, tana da fom na musamman da ake cikewa a Fabrairu don sanar da ita sabon abu. In jami'a ta ce kada a turo komai, kada ka tura. In ta yarda da wasiƙa, rubuta ɗaya tak, kada ta wuce shafi guda: har yanzu kana son wurin, ga dalili takamaimai, ga kuma abin da ya ƙaru tun Nuwamba. Makinka na lissafi ya tashi, ko ka ci wata gasa, ko ka fara koyar da yaran unguwa a Islamiyya da yamma. Abin da ke cikin fom ɗinka na farko sun riga sun karanta, kada ka maimaita. Sannan ka je wurin malamin da ke tura takardunka ta Common App, wato shafin intanet da ake neman jami'o'in Amurka ta cikinsa, ko shugaban makaranta in ba ku da malami mai ba da shawara, ka roƙe shi ya tura sakamakon zangon farko da wuri. Makarantunmu da yawa ba su saba da wannan tsari ba, sai ka bibiya da kanka, cikin ladabi.

Shi ke nan aikinka da su ya ƙare. Rufe wannan shafin.

Yanzu ku kalli kalandar nan da ke kan allo, domin saboda ita na yi wannan bidiyo. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Maris kana jira. A cikin wannan tsakanin ne sauran jami'o'in Amurka ke rufe zagayen gama-gari, a cikin Janairu ne babban wa'adin UCAS, wato tsarin neman jami'o'in Birtaniya, yake cika, kuma a farkon shekara ne JAMB kan buɗe rajista, a rubuta jarrabawa wajen Afrilu ko Mayu. Yaron da ya ce bari ya ji amsar Amurka tukuna, in amsar ta zo ba yadda ya so ba, yana iya tarar da an rufe rajistar JAMB. Shekara guda ta tafi. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne kawai, na bara ba ya aiki bana. Ni a ganina babu ɗan ajin ƙarshe a Legas da ya kamata ya tsallake JAMB don yana jiran wata jami'a a waje, komai kyan takardunsa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Rajistar tana buƙatar lambar NIN, kuma da ita ake karɓar lambar buɗe rajista ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019. Tun yanzu ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka a NIN sun yi daidai da na takardar WAEC da na fasfo. Mu da muke da Muhammad da Mohammed da Muhammadu a gida ɗaya mun san yadda harafi guda ke riƙe mutum a ofis.

Sai zaɓin jami'a a fom ɗin JAMB, kuma a nan ɗan Bahaushen Legas yana da wani yanayi na daban da ba a cika yi masa bayani ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko. Kuma jihar asali ake dubawa, wadda ke kan takardar shaidar ƙaramar hukumarka. An haife ka a Agege, ka yi firamare da sakandare a nan, Yarabanci a bakinka kamar ɗan gari, amma in takardarka ta Katsina ce ko Kano ko Sakkwato, ba ka cikin kason yanki na Jami'ar Legas da ke Akoka. Nata yankin shi ne Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo da Ekiti. Hanyarka biyu ce a can: cancanta, ko wancan kashi 20 ɗin, wanda yawancin jihohin Arewa ke cikinsa. Ita Jami'ar Legas tana son wanda ya sa ta a zaɓi na farko, kuma ba ta sauka ƙasa da maki 200 cikin 400, ga jarrabawar tantancewa tata a gaba. Kwasa-kwasai irin su likitanci da lauya da injiniya kuwa, 200 ba ta kai ka ko bakin ƙofa.

Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo ta jiha ce, 'yan asalin jihar take fara dubawa. Ana shiga, amma ka san da haka. Ita wannan takardar asalin kuwa, a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana iya zama abin da zai taimake ka, in jiharka na cikin yankinsu. Na san yaran da suka tashi a Legas ba sa son jin maganar komawa Arewa karatu, wasu ma sallah kawai ke kai su. Ina roƙonka ka sa wannan a ma'auni da gaske kafin ka ture shi. Kada kuma ka raina Kwalejin Fasaha ta Yaba in hannunka na aiki ne.

Yajin aiki fa? Tambaya ce mai kyau. A 2022 ƙungiyar ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa iyaye ke hangen waje. Ba zan ce maka ba matsala ba ce. Abin da nake cewa shi ne ka riƙe gurbin gida a hannu, sannan ka yanke shawara.

To da me za ka auna jami'o'in? Fara da abin da kake son karantawa. In likita kake son zama, ka sani cewa a Amurka ba a shiga makarantar likitanci daga sakandare. Sai ka yi digirin farko na shekara huɗu, sannan ka nemi makarantar likitanci, kuma ƙalilan ne daga cikinsu ke ɗaukar 'yan ƙasar waje. Lauya ma sai bayan digirin farko. A nan kuwa, Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas tana Idi-Araba, kusa da gidajen da yawa daga cikinku, kuma shekara shida ne daga shiga. Yaro mai son likitanci da ke kwana da tunanin jami'ar Amurka, ya kamata ya san wannan tun kafin Maris.

Sai kuɗi. Manyan jami'o'i masu zaman kansu a Amurka, in an haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, suna haura dala 80,000 a shekara. 'Yan kaɗan ne ke duba takardun ɗan ƙasar waje ba tare da kallon aljihun mahaifinsa ba, sannan su cike masa abin da ya gaza: Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth na cikinsu. Sauran galibi suna la'akari da yawan tallafin da ka nema kafin su ce e. Saboda haka sauran jami'o'in da za ka nema a Janairu, kada duka su zama irin wadda ta ɗage ka. Common App na ba ka damar neman har 20, amma biyar da ka bincika tallafinsu da kyau sun fi maka amfani. Cibiyar EducationUSA da ke ƙarƙashin ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a nan Legas tana ba da shawara kan wannan. Fara da su kafin ka kai kuɗin mahaifinka wurin wani dillali da zai ce maka yana da hanya. Babu dillalin da ke iya juya hukuncin jami'a.

Ko gurbin ya samu, akwai biza. Jami'a za ta ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, bayan ka nuna shaidar kuɗi, sai ka biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta gwamnatin Amurka, ga kuɗin neman bizar, ga intabiyu. Dokokin kuma suna sauyawa: a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku. Kafin ku biya ko sisi, ku duba shafin ofishin jakadancin ku ga dokar da ke aiki a ranar.

Baba da Mama, Allah Ya ƙara girma. Ɗagewar nan ba faɗuwa ba ce, kada yaro ya ji a gida kamar ya kunyata ku. Taimakon da ya fi buƙata daga gare ku yanzu shi ne ku zaunar da shi ku faɗa masa ainihin abin da za ku iya biya a shekara, a naira, ba tare da kara ba, kuma ku lissafa shekara huɗu, domin farashin dala ba ya tsayawa wuri ɗaya. In kuma 'yarku ce, kuma a ranku kun san ba za ku bar ta ta tafi nesa ita kaɗai ba, ku faɗa mata tun yanzu. Zaluntar yarinya ne a bar ta ta yi wata uku tana addu'a kan gurbin da an riga an yanke cewa ba za ta je ba.

A Maris amsa ɗaya cikin uku za ta zo: an ɗauke ka, ba a ɗauke ka ba, ko an sa ka a jerin 'yan jira. In na ukun ne, yana iya kai ka har Yuni ko Yuli ba ka ji komai ba, don haka ka ci gaba da shirinka na daban. Jami'o'in Amurka na son amsarka zuwa 1 ga Mayu, kuma jami'a ɗaya kawai ake biya wa kuɗin kama gurbi. A nan gida kuma, gurbi ba ya tabbata sai ya bayyana a manhajar CAPS ta JAMB ka danna ka karɓa. Ka tabbata an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO a can da zarar ya fito, in ba haka ba jami'a ba za ta iya tura sunanka ba. Kuma ka karanta sunan jami'ar da na kwas ɗin da kyau kafin ka danna, domin da zarar ka karɓa, wata jami'ar ba za ta ƙara iya ɗaukar ka a wannan shekarar ba.