Yadda Ake Raba Lambu da Ciyawar Aya-aya

Duk mai lambu ko kwamin furanni a gida ya san ciyawar nan mai sirara ganye masu sheƙi, wadda za a nome ta yau, kafin mako ya zagayo ta sake fitowa tsaf kamar ba a taɓa ta ba. Wasu na kiranta aya-aya, wasu kuma jiji. Masana ilimin ciyayi sun daɗe suna lissafa ta a sahun gaba cikin ciyayi mafiya ɓarna a duniya, domin tana addabar amfanin gona a ƙasashe fiye da 90.

Ku ciro ƙwaya ɗaya ku murza karanta tsakanin yatsunku. Za ku ji yana da kusurwa uku, ba zagayayye ba ne kamar na sauran ciyawa, kuma wannan ita ce alamar da ake gane ta da ita. Sai dai abin da ido ke gani a sama ɗan kaɗan ne daga cikinta. A ƙarƙashin ƙasa akwai 'ya'ya baƙaƙe masu tauri, masu kama da ayar da muke ci amma masu ɗaci, waɗanda wata siririyar saiwa ta haɗa su a jere kamar carbi. Yawancinsu suna cikin santimita 15 na saman ƙasa, wasu kuma kan nutsa fiye da haka.

A nan ne mutane da yawa ke wahalar da kansu. Muddin carbin nan yana haɗe, galibin 'ya'yan suna kwance ba su tsira ba, amma da zarar fartanya ta tsinke shi, sai kowanne ya farka ya fitar da tsironsa. Saboda haka wanda ya sassare ƙasa ya bar gutsattsarin a ciki ya ƙara wa ciyawar yawa ne.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne rani, musamman watannin Maris da Afrilu da rana ke da ƙarfi. A tona kwamin da shebur mai yatsu zuwa zurfin santimita 30, a farfasa ƙasar da hannu, a bi saiwar a hankali har a fito da jerin gaba ɗaya. Idan wurin ƙarami ne, a tace ƙasar da rariya. Sannan a bar ta a buɗe ba ban ruwa, ana juya ta bayan 'yan kwanaki, domin 'ya'yan ba sa jure bushewa. Waɗanda aka tsince kuwa a shanya su a kan siminti su ƙeƙashe, kada a kuskura a zuba su cikin taki.

Duk da haka wasu za su tsira, kuma a ganina nan ne haƙurin mai lambu ke amfani. A riƙa cire kowane sabon tsiro kafin ya yi ganye biyar ko shida, kusan duk mako biyu, domin kowace fitowa tana cinye abincin da ɗan ya adana har ya ƙare. Ciyawar ba ta son inuwa, don haka shimfiɗa kwali mai kauri a rufe shi da busasshen ganye yana raunana ta, amma siririyar leda huda ta take yi.

A filin ciyawar ado ba a tona ko'ina. A fara duba inda ruwa ke kwanciya ko famfo ke yoyo, domin a nan ne aya-ayar ke yaɗo, a gyara shi, kuma a daina aske ciyawar adon har ƙasa, don ta yi kauri ta shaƙe aya-ayar. Maganin glyphosate yana kashe duk koren da ya taɓa, saboda haka bai dace da irin wannan fili ba. Wanda ake amfani da shi a nan shi ne halosulfuron, a bi umarnin da ke jikin mazubin, a sa safar hannu, a kuma hana yara da dabbobi shiga har sai feshin ya bushe.