Gero da man ɓauna a ƙauyen Indiya: ku zo ku ga Banni

Assalamu alaikum jama'a. Kafin in ce komai, ku dubi farantin nan da kyau. Gero ne wallahi, irin namu sak. Nan gaban idona matar gidan ta kwaɓa garin, ta faɗaɗa shi da tafin hannu, ta ɗora a kaskon ƙasa bisa wutar itace. Da ya gasu ta lafta masa man ɓauna, ta ajiye min gutsuren mazarƙwaila da yajin tafarnuwa a gefe, ga kofin tsala mai sanyi. Tun da na zo karatu ƙasar nan shinkafa da burodin alkama nake fama da su, sai yau ƙamshin gero ya daki hancina, na ji ƙwalla na neman zubo min. Hajiya, in kina kallo, ɗanki ya ci abincin gida a ƙauyen Hodka.

Nan yankin Banni ne, cikin gundumar Kutch ta jihar Gujarat, can yamma daf da iyakar Pakistan. Galibin mutanen nan makiyaya ne Musulmi, Maldhari ake ce musu. Na yi sallama aka amsa min cikakkiya, aka shimfiɗa tabarma, ba wanda ya tambaye ni me ya kawo ni sai da na sha shayi. Ɓaunarsu kuwa abin kallo ce. Saboda zafin rana da dare take fita kiwo, sau da yawa ma ba mai bin ta, gari na wayewa ta dawo da kanta a tatse ta. Baba mai gidan yana ba ni labari yana shafa wuyan wata baƙa ƙirin, sai da ya lissafa min uwarta da kakarta.

To masu cewa za su zo, ku saurara. Daga Ahmedabad na hau jirgin ƙasa na dare, gari ya waye muna Bhuj, babban garin gundumar Kutch. Ku yanki tikiti da wuri, don daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake bikin da suke kira Rann Utsav, kujera wahala take. Kuma lokacin zuwan ke nan. Kada wani ya ce ai shi ɗan Sakkwato ne, zafi ba ya ba shi tsoro, ya taho a Mayu. Ya wuce digiri 40, ga iska mai gishiri, ga ba inuwar kirki. Da damina kuma ruwa ke shafe farin filin gishirin da kowa ke zuwa dominsa, sai wajen Disamba yake bushewa sosai. Ku zo da rigar sanyi mai kauri, daren nan ba ya wasa.

Daga Bhuj mota na ɗauka ta yini, rufi 3,000 na kuɗin Indiya muka daidaita. Direban ya fara da sama, bai san a Kantin Kwari na koyi ciniki ba. Akwai bas ta gwamnati mai araha, amma in ta wuce ka da yamma sai dai ka nemi wurin kwana. A hanya za ku iso Bhirandiyara, inda ake karɓar takardar izinin shiga filin gishirin, rufi 100 kowane mutum, mota da nata daban. Nan fa fasfo ɗinka na asali za ka fito da shi, da bizarka, ka kuma riƙe kwafi a jaka. Dakarun tsaron iyaka ne ke gadin wajen, saboda haka mai ƙaramin jirgin nan na ɗaukar hoto daga sama ya bar abinsa a gida. Kafin ku bar garin ku sayi madarar da suke dafawa har ta daskare, da cokali ake ci, bakin titi ake sayarwa. Ni dai sai da na ƙara.

Abin da ya ɗan sosa min rai shi ne maganar masauki. Doka ce duk wanda ya sauki baƙo ɗan ƙasar waje ya cike masa takardar da ake kira Form C. Wani wuri na buga waya, muna ta hira lafiya lau, ina cewa daga Najeriya nake sai murya ta canza, wai ɗakuna sun cika. Allah ya kyauta. Don haka tun kana Bhuj ka kira, ka faɗi ƙasarka, ka ji daga bakinsu cewa suna yin rajistar. Masu zuwa daga gida kuma, katin rigakafin shawara dole ne, a filin jirgi za a nema.

Ni ban kwana a garin tantunan da ake kafawa don bikin a Dhordo, ƙauyen da ke bakin filin gishirin, ba. Yana da kyau, a 2023 ma hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka Dhordo cikin fitattun ƙauyukanta na shekarar, amma kuɗin dare ɗaya a can zai riƙe ni kwanaki a nan. Ku ga ɗakina. Zagayayye ne, ginin laka, rufin ciyawa, bhunga suke ce masa. Ku matso ku ga bangon ciki: farar ƙasa aka yi wa zane da yatsa, aka liƙa ƙananan madubai kamar ƙwayar masara, in an kunna fitila ɗakin duka ya ɗauki walƙiya. Ranar 26 ga Janairu 2001 da girgizar ƙasa ta rusa Bhuj, benayen siminti sun zube, ire-iren waɗannan ɗakuna da yawa suna tsaye. Mu kuwa a gida rushe namu muke yi muna kafa kwano, muna gasa kanmu.

Kuɗi a hannu, jama'a. A Indiya har mai shayi da waya ake biyansa, amma tsarin da asusun bankin ƙasar yake aiki, baƙo ba ya samunsa cikin sauƙi. Ka ciri kuɗinka a Bhuj, ka nemi canjin 'yan rufi 50 da 100. Layin waya ma can za ka saya da fasfo. Airtel ɗin nan da muke amfani da shi a gida, asalinsa na nan ƙasar ne, amma sai ka sayi nasu layin. Kuma Indiyancin da muka tsinta a fim zai kai ka tasha ne kawai, tsofaffin nan Kutchi suke yi. Kada ka tambayi naman sa, a Gujarat yanka saniya babban laifi ne. Kada ka ɗaga waya kan matan gida sai an yarda, da yawansu ba sa so. Ruwa kuwa na roba za ka sha, na rijiya da ɗanɗanon gishiri.

Jiya na biya Ajrakhpur, kusa da Bhuj, ƙauyen da marina 'yan ƙauyen Dhamadka suka kafa bayan girgizar ƙasar. Da baba suke rini. Da na leƙa rijiyar rinin na ji warin nan, sai Ƙofar Mata ta faɗo min a rai. Su da hatimin katako suke buga zane, a wanke, a sake bugawa, a shanya a ƙasa, mayafi ɗaya ya ci kwanaki. Na nuna wa wani dattijo hoton marinarmu ta Kano a waya, ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya kira yaransa su ma su gani. Na ji kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Amma nan ɗaliban zane daga manyan birane ke zuwa su zauna su koya, 'ya'yan marinan ma sun riƙe sana'ar, namu kuwa ramuka nawa ne suka bushe? Na saya wa Hajiya mayafi ɗaya, in kun je ku saya a hannun masu yi, kada ku jira shagon birni.

Ga direba can yana min hon, yana so mu isa filin gishirin kafin faɗuwar rana, ga shi ban yi la'asar ba. Duk mai shirin zuwa ya ajiye tambayarsa, zan amsa in na samu sabis. Sai mun haɗu a Dhordo.