Amsoshin Tambayoyinku: Shirya wasan labari domin taron 'yan wasa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani ɗalibi da ke karatu a jihar Indiana ta Amurka. Ya ce abokan karatunsa ne suka koya masa wasan Dungeons & Dragons, har ya shekara yana ja musu labari duk ƙarshen mako. Yanzu ya yi rajista zai ja labari a tebur guda a Gen Con, wani babban taron masu irin waɗannan wasanni, an ba shi awa huɗu, kuma waɗanda za su zauna gabansa bai taɓa ganinsu ba. Yana tambaya ta ina zai fara.

To malam ɗalibi, ɗan dakata mu fayyace wa sauran jama'a. Wasan nan kamar tatsuniya yake, sai dai masu sauraro ba su tsaya a "ta zo mu ji ta" ba, da su ake saƙa labarin. Kowa na riƙe da jarumi guda, wannan mayaƙi, wancan matsafi, wancan kuma gwanin ɓalle kwaɗo. Mai jan labari ya ce, "Kun iso bakin kogo, ga gurnani na fitowa, me za ku yi?" Wanda ya ce zai tsallake rami sai ya jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska 20. Lamba ta yi sama ya haye, ta yi ƙasa ya rufta. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da wasan a 1974. Shi kuwa Gen Con ya girme shi, domin tun 1968 Gygax ya fara shi a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, kuma daga 2003 a birnin Indianapolis na jihar Indiana ake yinsa.

Yanzu ga amsarka. Daga ƙarshe za ka fara. A gida in dare ya yi sai ka ce a ƙarasa mako mai zuwa, amma a taro babu mako mai zuwa. Lokaci na cika wasu za su zo karɓar teburin, mutanenka su watse ba su ga dodon da suka wuni suna nema ba. Saboda haka rubuta karon ƙarshe da dodon tukuna, sannan ka dawo baya ka shimfiɗa hanyar da za ta kai can. Zango huɗu ko biyar sun ishe ka, kuma ka sa wa ɗaya alama a matsayin wanda za ka yar in lokaci ya ƙure, ba tare da kowa ya lura ba. Awa huɗun ma ba cikakku ba ne. Gaisuwa, bayanin ƙa'idoji, wanda ya makara, wanda ya fita neman ruwa, duk a ciki za su ci. Ajiye agogo gabanka. Da zarar saura awa guda, duk ƙofar da suka buɗe, dodon na bayanta.

Kada ka bari su ƙirƙiri jarumai a teburin, nan kaɗai sai awa ta tafi. Je da naka a shirye, kowane a takarda ɗaya da manyan haruffa, ka ƙara biyu na ko-ta-kwana. Kowane jarumi ya zama yana da abin da shi kaɗai ya iya, kuma labarin ya buƙaci abin. Sannan ka rubuta layi ɗaya a ƙasa, misali "mayaƙin da ke kusa da kai yana binka bashi". Wannan layin ne zai sa baƙi biyu su fara zolayar juna cikin minti biyar.

Zauren taro kuwa hayaniya ce kamar kasuwa, don haka manta da karanta tarihin masarauta shafi biyu. Buɗe da ƙararrawa na kaɗawa, ganuwa ta kama da wuta. In kuma akwai sirrin da dole su gano kafin labari ya ci gaba, kada ka rataya shi a jifan dayis ɗaya, yi masa hanyoyi uku.

Na san akwai masu son labari mai kisa. Gygax kansa ya rubuta na wani kabari mai cike da tarkuna domin wani taron 'yan wasa mai suna Origins na 1975 a Baltimore, amma wancan na gasa ne. Ni dai a ganina, mutumin da ya sayi tikiti bai cancanci jaruminsa ya mutu a awar farko ya koma ɗan kallo ba. Kafin ranar, gwada labarin da abokanka sau biyu kana duba agogo.

Sai wata baiwar Allah daga Birmingham ta Ingila, inda ake taron UK Games Expo. Ta ce ko dole ne labarin ya zama na fadojin Turawa da macizansu masu aman wuta?

Ba dole ba ne, 'yar'uwa. Birni mai ganuwa, ayarin fatake, dodon da ya hana ɗiban ruwa a rijiya, duk za su zauna daram a kan ƙa'idojin wasan. Sai dai ki tausaya wa baƙin da ke teburin, sunaye uku kacal za su iya riƙewa. Rubuta su a kati ki jingina a tsakiyar tebur, sauran kuma ki kira su da sana'arsu: maƙeri, mai gadin ƙofa, tsohuwa mai fura.