Tsibiran Cocos: Yadda Musulmin Tsakiyar Teku Suka Zama 'Yan Ostiraliya

[Hoto: mata sanye da hijabi suna sauka daga jirgin fito, bishiyoyin kwakwa a bayansu]

Assalamu alaikum jama'a. Tun da hotunan wannan wuri suka fara yawo a wayoyinmu gardama ta ƙi ƙarewa. Wasu sun rantse Malesiya ce, wasu suka ce Indunusiya. Da aka ce musu yankin Ostiraliya ne, sai suka ce, "To shi ke nan, Turawa sun ƙwace wa Musulmi ƙasarsu." Wannan maganar ce ta zaunar da ni na haɗa bidiyon nan, domin labarin ba haka ya tafi ba.

[Taswira: daga Afirka a ratsa Tekun Indiya har a tsaya kan wasu ƙananan ɗigo]

Sunan wurin Cocos, ana kuma ƙara masa Keeling. Ƙananan tsibirai ne 27, in ka haɗa su duka kimanin murabba'in kilomita 14 ne kacal. Tsakaninsu da birnin Perth kusan kilomita 2,750 ne, don haka sun fi kusa da Indunusiya nesa ba kusa ba. Biyu kaɗai ake zaune a kai, Home Island da West Island. A ƙidayar 2021 mutanen wurin 593 ne. Wallahi akwai ɗaurin auren da ake tara fiye da haka a ƙofar gida ɗaya a Kano.

[Tsofaffin zane-zanen jiragen ruwa]

Tarihin farko da sauri. A 1609 wani matuƙin jirgi Bature, William Keeling, ya hango tsibiran, babu kowa a kai sai tsuntsaye da ƙaguwa. A 1826 wani ɗan kasuwa ɗan Ingila, Alexander Hare, ya sauka da mutanen da ke ƙarƙashinsa, akasarinsu Malayawa. Shekara guda bayan haka John Clunies-Ross, mutumin Sikotlan, ya iso da iyalinsa. Zama bai yi daɗi ba, Hare ya tattara ya tafi, wuri ya zama na gidan Ross. A 1886 Sarauniya Victoria ta mallaka wa wannan gida ƙasar har abada.

[A rage gudun hoto: hannaye suna ɓare kwakwa, ana shanya ta a rana]

To, ku ba ni hankalinku a nan, don nan ne ake ɓata.

A 1955 Ingila ta miƙa wa Ostiraliya tsibiran. Mutane na jin haka sai su ɗauka tun ranar aka zama 'yan ƙasa masu 'yanci. Ko kusa. Tuta ce ta sauya, amma mai gida, wato shugaban gidan Ross, yana nan. Gona tasa ce, kanti nasa ne, gidan da kake kwana nasa ne, jirgin da zai fitar da kai ma nasa ne. Mutum zai wuni yana ɓare kwakwa ana busarwa don a kai ƙasashen waje a matse mai, in an zo biya sai a miƙa masa wannan.

[Hoto na kusa: kwabban roba a tafin hannu]

Ku dube shi da kyau. Kuɗin roba ne da gidan Ross ya buga da kansa, ba ya sayen ko allura sai a kantinsu. Ka ga duk abin da ka tara, in ka haye jirgi ya zama tarkace. Wanda kuma ya ce zai tafi, an san ba ya dawowa. Ni dai duk lokacin da na kalli wannan kwabo raina ɓaci yake yi, domin igiya ce da ba a ganin ta.

Sai a 1974 da tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta je ta gani da idonta, surutu ya yi yawa. A 1978 gwamnatin Ostiraliya ta sayi ƙasar daga hannun gidan Ross a kan dalar Ostiraliya miliyan 6.25.

[Tsohon hoto: layin masu jefa ƙuri'a]

Ranar 6 ga Afrilu 1984 aka ajiye wa mutanen zaɓi uku: su ci gashin kansu, su yi ƙawance da Ostiraliya, ko su shige cikinta gaba ɗaya. Cikin mutum 261, 229 suka zaɓi shiga, tara kacal suka nemi 'yancin kai. Dattawanmu na Mubi da Gwoza da Gembu sun san irin wannan ƙuri'a, don ita suka jefa a 1961 suka shigo Najeriya. A ganina, mutum ɗari shida a tsakiyar teku da ke buƙatar asibiti da makaranta da jirgin kawo abinci, lissafinsu ya fita daidai.

[Hoto: masallaci, yara da littattafai, jirgin sama na sauka a West Island]

Yau galibin mutanen Home Island Musulmi ne 'yan Sunna, harshen gida Malayanci ne irin nasu, a makaranta kuma ana koyon Turanci. Danginsu da yawa suna Sabah a Malesiya, wasu a garin Katanning da ke yammacin Ostiraliya. Babban abin da ke damunsu yanzu ruwa ne. Ƙasar 'yan mitoci kawai ta ɗara teku, igiyar ruwa kuma na cin gaɓa.

[A bar sautin wurin ya fito: kabbarorin safiyar idi]

Wannan da kuke ji safiyar ƙaramar sallah ce, su Hari Raya suke ce mata. In an sauko daga idi sai a bi gida-gida ana neman gafarar juna, a leƙa maƙabarta a yi wa kakannin da suka ɓare kwakwar nan addu'a.