Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi daga Iyaye Mata da Suka Rasa 'Ya'yansu, Cikin Birnin Kano

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai Girma Hakimi, ranka ya daɗe, masu unguwanni da limamai da ke cikin tawagarka, malaman asibiti, iyayenmu maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin matan wannan ƙungiya, ina yi maka lale marhabin da zuwa wannan ɗan aji da makarantar Islamiyya take ara mana kowace Alhamis, ranar da yara ba sa zuwa karatu. Mun san yawan jama'ar da ke jiran ka a ƙofar gida, saboda haka tattakin da ka yi zuwa lungunmu ba ƙaramar karramawa ba ce a gare mu.

Ranka ya daɗe, ba sana'a ce ta haɗa mu ba, ba kuma dangantaka ba. Kowace mace da kake gani a kan tabarmar nan ta taɓa tsayawa a tsakar gida tana kallo aka fita da ɗanta ko 'yarta a hannu, cikin likkafanin da bai kai zani ɗaya ba. Jama'a sun yi mana abin da ya dace: an zo gaisuwa, an ce Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da rayayye, mun amsa da amin. Amma bayan kwana uku akan naɗe tabarmi, baƙi su watse, maigida ya koma kasuwa, uwa kuwa ta koma ɗakin da takalmin yaron yake ajiye a bayan ƙofa. Al'adarmu ta kunya, wadda muke alfahari da ita a wurare da yawa, a nan takan yi wa mace nauyi, musamman idan ɗan fari ne ya rasu, domin wadda ba ta kama sunansa ba yana raye, ina za ta sami bakin yin kukansa a gaban surukai?

Nawa ɗan shekararsa shida lokacin da ciwon sikila ya ɗauke shi cikin wani hunturu, bayan mun kwana muna neman jinin da za a ƙara masa, wanda bai samu ba sai da gari ya waye. Na yi watanni ina girki ina shara kamar kowa, ba wanda ya san cewa ba na barci. Abin da ya fara buɗe mini ƙirji shi ne karatun wata malama a wannan ajin, ranar da ta ba mu labarin rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da yadda ya rungume shi yana hawaye, yana cewa ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ta tuna mana cewa duk 'ya'yansa sun riga shi rasuwa in ban da Nana Faɗima. Ta kuma kawo hadisin matan da suka roƙe shi ya ware musu rana, ya ware, ya gaya musu cewa wadda 'ya'yanta uku suka rasu za su zame mata kariya daga wuta, wata ta ce biyu fa, ya ce har biyu. Da aka tashi, mata huɗu muka kasa fita, kowacce ta gane abin da ke idon 'yar'uwarta. A ranar wannan ƙungiya ta fara, ba tare da mun san ƙungiya muke kafawa ba.

Da farko zama kawai muke yi, kowacce ta kira sunan ɗanta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. A cikin hirar ne muka lura da abin da ya ɗaga mana hankali: labaran da yawa iri ɗaya ne. Jariri ya kai wata shida, hannuwa da ƙafafuwa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, ya riƙa kukan ciwon ƙashi duk lokacin sanyi, sannan ya tafi, ƙaninsa ma ya zo ya bi sahu. Kakanninmu suna kiran wannan wabi, har akan raɗa wa wanda ya zo daga baya suna irin su Ajuji ko Ayashe don a nuna an cire rai da shi, ko Allah ya sa ya tsaya. Ba mu zo raina iyayenmu ba, domin sun yi iya saninsu, amma malaman asibiti sun fahimtar da mu cewa da yawa daga cikin abin da aka kira wabi amosanin jini ne, wato ciwon sikila. Idan miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon ciwon a jininsu ba tare da suna fama da shi ba, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ta zuwa da SS, wato mai sikila, kuma lissafin ba ya tuna cikin da ya wuce, shi ya sa gida ɗaya kan binne uku a jere. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo. Ni kaina sai bayan rasuwar ɗana na san rukunin jinina.

Daga nan ne zaman makoki ya rikiɗe ya zama aiki. Adashen da muke zubawa mun mayar da rabinsa asusun magani da kuɗin mota ga uwar da ciwo ya tasar wa yaro cikin dare. Mun rubuta sunayen mazajenmu da ƙannenmu da suka yarda a kira su ba da jini a kowane lokaci. Muna zuwa dubiya Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Murtala da kunu da sabulu, mu riƙe wa mai jinya yaro ta samu ta yi wanka da salla. Muna shiga gidajen suna da na biki mu yi maganar shan ruwa da yawa, da rufe jikin mai sikila lokacin sanyi, da kwana cikin gidan sauro, da ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama yaro.

Ba zan ce maka aikin ya goge baƙin cikin ba, domin har yau idan na ga sa'o'in ɗana sun taso daga makaranta nakan ƙirga ajin da zai kasance. Amma akwai daren da aka kira ni kan wata yarinya da jininta ya yi ƙasa, na buga wa ƙanena waya, kafin asuba an ɗaura mata leda. Da na ga tafin hannunta ya fara ja, sai na ji kamar daren da na rasa ɗana ne aka dawo mini da shi, aka ba ni dama ta biyu. Na koma gida na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Yarinyar tana aji uku yanzu, kuma ita ce za ta miƙa maka ruwa idan na gama.

Ranka ya daɗe, mun ga abin da bakin sarakuna yake iya yi. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan a 2003, cutar ta bazu, kuma da hakimai da dagatai da masu unguwanni suka sa baki, ƙofofin da suka rufu suka buɗe, har aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Kano a 2014, aka kuma tabbatar da kawar da wannan nau'in nata daga Afirka a 2020. Irin wannan tsayuwar muke roƙo. Tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, amma a ganinmu gwajin da aka yi bayan an kai lefe an sa rana ya makara, domin a lokacin ba mai iya cewa a fasa. Muna roƙon ka umarci masu unguwanni da limamai su riƙa faɗakar da iyaye a yi gwajin tun ranar da saurayi ya fara sallama, a kuma yi shi a asibitin da aka amince da shi. Muna kuma roƙon ka ja hankalin samarin ƙasarka su saba da ba da jini tun kafin a nema. Na ƙarshe, ka yi wa iyaye maza magana, domin su ma suna da nasu ciwon, sai dai ba su da ajin da za su zauna su faɗa.

Bayan addu'ar da liman zai yi, za mu nuna maka littafin asusunmu da na masu ba da jini, mu kuma miƙa maka 'yar hular da matanmu suka ɗinka da hannunsu. Muna sake yi maka barka da zuwa. Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai gida lafiya tare da tawagarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugabar ƙungiya, a madadin dukkan mambobi.