Amsoshin Tambayoyinku: Gasar Bidiyo ga Ɗalibai Masu Shirin Shiga Jami'a

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filinku na Amsoshin Tambayoyinku. Saƙonnin wannan mako kusan bakinsu ɗaya, duk a kan gasar bidiyon nan da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp, wadda aka ce tana biya wa ɗalibi kuɗin karatun jami'a. Mun tsamo kaɗan daga ciki, wanda bai ji an karanto tasa ba ya yi mana haƙuri, in ya kasa kunne zai tsinci amsarsa.

Ta farko daga wata ɗaliba ce a Zariya. Ta ce bana ta gama sakandare, ta rubuta JAMB, tana jiran sunanta ya fito. Tana cewa: "Don Allah da gaske ne akwai gasar da mutum zai yi ɗan gajeren bidiyo a biya masa kuɗin jami'a, ko dai aikin 'yan damfara ne?"

To ƙanwata, akwai ta gaske, akwai ta bogi, kuma ta bogin a inuwar ta gasken take fakewa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a duniya ita ce Breakthrough Junior Challenge, da aka fara a shekarar 2015. Gidauniyar Breakthrough Prize ce ke shirya ta, kuma cikin waɗanda suka assasa kyautar Breakthrough ɗin akwai attajiri Yuri Milner da matarsa Julia, da Mark Zuckerberg mai Facebook, da Sergey Brin na Google. Ana karɓar matasa 'yan shekara 13 zuwa 18 daga ƙasashen duniya. Abin da ake nema shi ne ki ɗauki wani darasi mai wuya a fiziks, ko lissafi, ko kimiyyar halittu, ki warware shi a gajeren bidiyo yadda wanda bai taɓa jin sa ba zai gane. Tsawon bidiyon yana canzawa: an yi shekaru ana ba da minti 3, a 2022 aka rage zuwa daƙiƙa 90, daga baya aka mayar da shi minti 2. Ranar rufewa ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba, saboda haka dokokin shekarar da za ki shiga su za ki karanta a shafin gasar, kada ki dogara da na bara.

Wanda ya zo na ɗaya yana samun tallafin karatu na dala 250,000. Malamin da ya zaɓa a matsayin wanda ya zaburar da shi yana samun dala 50,000, makarantarsa kuma a yi mata ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na dala 100,000. Kafin 'yan gida su fara lissafin kujerar Makka da sabuwar mota, a sani cewa kason ɗalibin na karatun gaba da sakandare ne, ba a hannu ake danƙa masa ya shiga kasuwa ba. Tunda a Najeriya daga shekara 16 ake ba da gurbin jami'a, da yawa daga masu jiran sunansu irinki suna cikin shekarun da aka yarda. Wanda bai kai 18 ba sai da amincewar iyaye. Kuma ba a biyan ko kwabo wajen shiga.

Sai wani matashi daga Gombe, ya ce: "Ni waya kawai gare ni, ita ma gilashinta a fashe. Yaya zan kara da yaran Turai masu manyan kyamarori?"

Ɗan'uwa, bari in faɗa maka yadda ake tace bidiyoyin, sai ka yi wa kanka alƙalanci. Matakin farko, 'yan takarar ne ke duba aikin junansu: kowa sai ya kalli aƙalla bidiyo 5 na wasu ya ba su maki. Waɗanda suka haye sai su je gaban kwamitin masana. Akwai kuma zagayen da jama'a ke kaɗa ƙuri'a a intanet, sannan kwamitin ƙarshe ya fitar da gwarzo. A wannan kwamiti an sha ganin Salman Khan. A'a, ba jarumin fina-finan Indiya ba, wannan malami ne, shi ya kafa Khan Academy da ke koyar da darussa kyauta a intanet. Abubuwa huɗu ake ba maki a kansu: ko bidiyon ya riƙe mai kallo har ƙarshe, ko ya haska masa abin da bai sani ba, ko akwai fasaha a yadda aka gabatar, da kuma nauyin darasin da aka ɗauko. Ka ga babu inda aka tambayi sunan kyamara.

Dubi Maryam Tsegaye, 'yar shekara 17 daga garin Fort McMurray a Kanada, wadda ta ci a 2020. Darasinta yana cikin masu caza ƙwaƙwalwa: yadda ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi irin su ilektaron ke ratsa shingen da bisa lissafin da muka saba ba su da ƙarfin tsallake shi. Da me ta buɗe? Da wasan bidiyo, inda ɗan wasan ke bi ta cikin bango ya fita. Duk yaron da ya taɓa riƙe waya ya san wannan, daga nan ta ja shi a hankali zuwa fiziks ɗin. Hillary Diane Andales ta ƙasar Filifin, gwarzuwar 2017, da lamba 6 ta fara, wadda wanda ke tsaye ta ɗaya ɓangaren zai rantse 9 ce, ta haka ta shiga bayanin cewa abin da mutum ya auna ya danganta da inda yake da yadda yake tafiya.

Abin da nake ganin zai iya kayar da kai shi ne sauti. Mai kallo yana jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma da zarar ya kasa jin abin da kake faɗa, ya wuce. Ka kwantar da wayar a gicciye, ka tokare ta da littattafai kada ta yi rawa, ka zauna kana fuskantar taga hasken ya sauka a fuskarka. Ka ɗauka da sassafe, kafin maƙwabta su tayar da janareta, kafin mai injin markaɗe ya buɗe. In za ka ɗauki murya daban, shiga ɗakin da ke da katifa da labule da kaya a rataye, ka rufe ƙofa, amon zai ragu. Kada ka ɗora waƙar wani mawaƙi a ƙasa ba da izini ba, domin a YouTube ake sa bidiyon, kuma maganar haƙƙin mallaka ba wasa ba ce a can. Turanci ne harshen gasar, amma ba gasar karya harshe ake yi ba, ka yi magana a fili da Turancinka yadda za a ji kowace kalma. Sannan kada ka bari sai daren rufewa, ka san halin netwok ɗinmu.

Wani malamin kimiyya a wata sakandare a Katsina ya rubuto: "Ɗalibaina suna sha'awa, amma kowa cewa yake zai yi a kan sararin samaniya. Wace shawara za ku ba mu?"

Allah ya gafarta malam, ai gara da ka tambaya. Minti 2 bai wuce kalma 300 ba in mutum zai yi magana cikin natsuwa. Wanda ya ɗauko sararin samaniya gaba ɗaya, kafin ya gama gaisuwa lokaci ya ƙare. Tambaya guda tak ake so, ƙarama a baki, mai zurfi a ciki. Kuma yaron da ya ɗauko abin da ya haddace daga wani bidiyon, alƙalan nan da ganin idonsa za su gane.

Ga randa nan a tsakar gida. Me ya sa ruwanta ke sanyi ba lantarki? Ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikin yumɓu, ƙwayoyinsa da suka fi kuzari su ne ke fara tashi su bi iska, waɗanda suka rage kuzarinsu ya yi ƙasa, shi ne sanyin da muke ji. Shi ya sa randa ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa sai a hankali. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Yaro zai iya ajiye randa da bokitin roba gefe da gefe, ya tsoma ma'aunin zafi a kowanne a gaban kyamara. Sai dai in ya tsaya a "ruwa ya yi sanyi" makinsa na nauyin darasi ba zai taka kara ya karya ba, dole ya gangara har kan ƙwayoyin.

In kuma mai nauyi ake so, ga sikila, wadda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu fama da ita. Harafi ɗaya ne ya sauya a saƙon da ke rubuce cikin ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a jini, shi ke sa ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. Mai AS kuma yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa wannan gado ya yawaita a yankinmu. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin sikila da ke amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR. Ɗalibin da ya yi jinyar ƙaninsa a asibiti, in ya tsaya ya fahimci wannan, ba wanda zai faɗe shi kamarsa. Kafin a kunna kyamara, malam, ka sa kowane ɗalibi ya yi wa ɗan aji ɗaya bayanin. In yaron ya iya maimaitawa da bakinsa, a ɗauka. In ya yi zuru, a koma kan takarda.

Wani dattijo daga Sakkwato ya ce an turo wa 'yarsa saƙo, wai ta biya kuɗin fom, ta tura bidiyonta zuwa wata lamba, za a sama mata gurbi a jami'a. Yana tambaya ko ya biya.

Baba, kada ka biya, kuma kada ta tura. A Najeriya gurbin digirin farko ta hannun hukumar JAMB yake bi, a manhajarta ta CAPS da aka fara aiki da ita a 2017. Sakamakon jarrabawa da tantancewar jami'a ake dubawa, bidiyo ba ya ciki. A Amurka ne wasu makarantu suka gwada haka: Jami'ar Tufts a 2010 ta bar masu neman shiga su haɗa da bidiyon minti 1 in suna so, Kwalejin Goucher kuma a 2014 ta buɗe hanyar nema da bidiyon minti 2. Su ma ta shafin makarantar ake bi, ba ta lambar wani mutum ba. In an ce wata jami'a ta shirya wa sababbin ɗalibanta gasa, a je ofishin kula da harkokin ɗalibai a tambaya ido da ido. Asarar kuɗin ma da sauƙi, Baba, a kan bidiyon 'ya mace ya faɗa hannun wanda ba a san shi ba.

Ta ƙarshe daga wata mai sauraro a Kumasi: "Shin wani daga Afirka ya taɓa cin gasar Breakthrough ɗin?"

Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Amber Kwok daga tsibirin Morishus ta ci a 2021. Sauran waɗanda suka yi nasara sun fito daga ƙasashe irin su Amurka, Peru, Singafo, Filifin, Kanada da Indiya, inda wa da ƙanwa daga gida ɗaya a Bangalor suka ci: Samay Godika a 2018, Sia Godika a 2023. Shi Samay da Hillary duk sun taɓa shiga ba su zo na ɗaya ba, a shekarar da ta biyo baya suka dawo suka ɗauka. Saboda haka in kina da ƙanne 'yan shekara 14 ko 15, su ma ki nuna musu, suna da sauran zagaye a gabansu.

Lokaci ya yi halinsa. Tambayoyin da suka shigo a kan canjin kwas da canjin jami'a a JAMB, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da saƙonni ta hanyoyin da aka saba. Ku huta lafiya.