Sharhi: Muhalli a cikin takardar gayyatar tayi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanku da war haka.

Sharhinmu na yau zai leƙa wani ofishi ne da ba kasafai 'yan jarida ke kai masa ziyara ba, wato sashen sayayya. A nan ake yanke irin motar da ma'aikata za ta hau, da simintin da za a zuba a gada, da na'urar sanyaya ɗakin da za ta yi shekara 10 tana shan wuta. A ƙasashen ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD, abin da gwamnatoci ke kashewa wajen sayen kaya da biyan ayyuka ya kai wajen kashi 12 cikin 100 na abin da tattalin arziki ke samarwa. A Tarayyar Turai kuwa kimanin kashi 14 ne, kusan Yuro tiriliyan 2 a shekara. Mai aljihu irin wannan in ya ce ga abin da yake so, masana'antu ba sa yi masa musu. Shi ya sa a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya batun sayayyar gwamnati mai kula da muhalli cikin muradun ci gaba mai ɗorewa, ƙarƙashin muradi na 12. Sai dai tsakanin jawabin da shugaba ya yi a taron sauyin yanayi da kayan da aka sauke a sito akwai takarda guda, takardar gayyatar tayi. Abin da ba a rubuta a cikinta ba, ɗan kwangila ba zai kawo shi ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne bai wa mai mafi ƙarancin farashi kwangila ido rufe. Mu ɗauki ƙwan lantarki. Tsohon ƙwai mai wat 60 da na LED mai wat 9 haskensu ɗaya ne, wajen lumen 800. A ce ma'aikata tana da ƙwai 1,000, suna ci awa 10 a yini, kwana 250 a shekara. Tsohon zai sha kilowat-awa 150,000, na LED kuwa 22,500. Tsohon yana mutuwa bayan awa 1,000, wato kwana 100 na aiki, na LED mai kyau yakan kai awa 15,000, shekara 6 ke nan a wannan lissafi. Ranar buɗe tayi tsohon ne mai arha. Ranar biyan kuɗin wuta ake gane cewa araha ba ta ado.

To me ya sa ake ta maimaita kuskuren? Domin aljihun da ke saye daban, wanda ke biyan wuta da gyara daban. Jami'in sayayya ana yaba masa ne in ya rage kuɗin saye a bana, shi kuma mai kula da gini, wanda zai ɗauki nauyin shekaru masu zuwa, ba a ko gayyace shi zaman ba. Maganin shi ne a auna tayi da kuɗin dukan rayuwar kaya: saye, girkawa, wuta ko mai, gyara, da zubarwa in ya ƙare aiki. Dokar sayayya ta Tarayyar Turai ta 2014 ta ba da wannan dama a sashe na 68, bisa sharaɗin a bayyana tun farko yadda za a yi lissafin da bayanan da ake so kowane mai tayi ya kawo. Wato a faɗi shekaru nawa za a ƙirga, awa nawa na'ura za ta yi aiki, da farashin wutar da za a yi lissafi da shi. In aka bar wa kowane kamfani ya zaɓi nasa, kowa zai fito da lissafin da ya fi yi masa kyau.

Sai kuma inda ake ajiye sharaɗin muhalli a cikin takardar, domin wuri biyu ne kuma aikinsu ya bambanta. Akwai sharaɗin dole, wanda duk wanda bai cika shi ba an fitar da tayinsa. Akwai kuma maki, wanda ake ƙara wa wanda ya zarce sauran. Abin da kasuwa ta riga ta saba da shi, kamar takarda daga dajin da ake kula da shi ko fitilar LED, a sa shi cikin dole. Abin da kamfanoni ƙalilan ne suka iya, a sa masa maki, don kada a buɗe akwati a tarar ba kowa. Amma makin ya zama mai nauyi. In farashi ya ɗauki maki 80 cikin 100, muhalli kuma 5, to bambancin farashi na kashi 7 cikin 100 kawai ya isa ya share makin nan 5 gaba ɗaya. An rubuta muhalli a takarda, amma ba zai taɓa sauya wanda ya ci ba.

Jami'ai da yawa suna tsoron kada kamfanin da ya faɗi ya kai su kotu. An kai ɗin kuwa, kuma hukunce-hukuncen sun zama darasi. Birnin Helsinki na ƙasar Finlan ya ba da ƙarin maki ga motocin bas masu ƙarancin hayaƙi da ƙara. Kamfanin da ya rasa kwangilar ya shigar da ƙara a kotu, amma a 2002 Kotun Tarayyar Turai ta ce birnin yana da hurumi, muddin sharaɗin ya shafi abin da ake saye kai tsaye, an bayyana shi tun a takardar gayyata, kuma bai nuna bambanci tsakanin masu tayi ba. Shekara guda bayan haka aka kawo wata shari'a daga Ostiriya kan sayen wutar lantarki, inda aka ware kashi 45 cikin 100 na maki ga wutar da ake samu daga makamashi mai sabuntuwa. Kotu ba ta ga laifin girman makin ba. Laifin da ta gani shi ne hukumar ba ta nemi hujjar da za ta iya tantancewa ba, sannan makin ya shafi wutar da ta zarce wadda hukumar za ta saya. A nan ne mu muke ganin gizo ke saƙar: sharaɗin da ba ka da hanyar bincikarsa, kyauta ce ka yi wa wanda ya fi iya cika baki.

Hujja kuwa iri-iri ce. Kalmomi irin su "mai kare muhalli" da hoton koren ganye a jikin kwali ba hujja ba ne. Tambarin da ake dogara da shi shi ne wanda wani mai zaman kansa ya gwada kayan kafin ya bayar, kamar Blue Angel na Jamus da ya fara tun 1978, ko Energy Star na Amurka da EU Ecolabel, dukansu na 1992, ko FSC na katako da takarda. Ko su ma, a nemi lambar shaidar, a duba ta a rajistar masu tambarin, a tabbatar ta shafi ainihin samfurin da za a kawo, ba ɗan'uwansa ba. Wani kuskure da ya yawaita shi ne karɓar shaidar ISO 14001 a matsayin shaidar kaya. Ita tana nuna kamfani yana da tsarin kula da muhalli ne, ba ta ce komai game da yawan wutar da firjinsa ke sha ba. Kuma in za a ambaci tambari, a rubuta sharuɗɗan da ke bayansa, a karɓi wata hujja da ta yi daidai da shi. Ƙasar Holan ta sha kaye a kotu a 2012 saboda lardinta na Arewacin Holan ya dogara da wasu tambura guda biyu a kwangilar injinan kofi ba tare da yin haka ba.

Na'urar sanyaya ɗaki ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin ɓarnarta biyu ce: wutar da take sha da gas ɗin da ke cikinta. Gas ɗin R-410A, in ya tsere sama, kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya daidai da wajen kilo 2,088 na iskar kabon. R-32 yana kan 675, R-290 kuwa wajen 3 kacal, sai dai yana kamawa da wuta, don haka dole kwangila ta haɗa da ƙwararrun masu girkawa. Sau da yawa yoyon daga mahaɗar bututu yake fitowa, inda aka yi aikin gaggawa ba a gwada matsi ba. Saboda haka a rubuta cewa sai an yi gwajin yoyo an sa hannu kafin a biya, kuma ranar da za a cire tsohuwar na'ura a zuƙe gas ɗinta cikin tukunya, kada a yanke bututu a sake shi. A kuma auna ɗaki kafin a zaɓi girma. Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana ta kamawa tana tsayawa, ta ci wuta, ta gajiyar da kwamfuresa.

Kwamfuta lissafinta a juye yake. Mafi yawan hayaƙin da ake danganta wa kwamfutar tafi-da-gidanka an riga an fitar da shi a masana'anta kafin a kunna ta, don haka ribar tana ga tsawon rai: garanti mai tsawo, batirin da ake iya sauyawa, alƙawarin kayan gyara da sabunta manhaja na shekarun da aka ƙayyade. A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Ma'aikatar da ta sa sharaɗin mai sayarwa ya kwashe tsofaffin kaya, ta nemi takardar da ke nuna inda aka kai su da nauyinsu.

Duk wannan yana iya rushewa a bakin sito. Kamfani ya ci kwangila da samfuri mai inganci, bayan wata 6 ya ce ya ƙare a kasuwa, ya kawo wani mai kama da shi, mai karɓar kaya ya ƙirga kwalaye ya sa hannu. Don haka kwangila ta hana sauya samfuri sai da izini a rubuce, a ba mai sito takarda mai ɗauke da lambar samfurin da aka amince da shi don ya gwada da farantin da ke jikin na'ura, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai mita ta nuna cewa wutar da kayan ke sha ta yi daidai da abin da aka rubuta a tayi.